Lugude da Zaren Gilashi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar uba, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, ko da yake lafiyarka da idona nake ganinta, tunda katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka, tarinka ma ina ji. Allah ya tsare ka a hanyar da za ka hau jibi. Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya kuma tsare ka daga sharrin da ya fi su kusa da kai, wato harshen da ka gada a wurina.

Ka yi dariya in ka ga dama, uba yana rubuta wa ɗansa wasiƙa suna gida ɗaya. Innarka ta riga ka. Da ta ga na baje takarda a tabarma sai ta ce, "Malam, kan sarki za ka manna mata, ko ni ce gidan wayar?" Na ce ita ce. Na san kaina, Abba. In na buɗe baki da niyyar magana mai sanyi, kafin ta iso haƙora ta tafasa. Alƙalami kuwa tafiyar tsoho yake yi, yana ba mutum damar jin kunya kafin ya kai ƙarshen layi.

Tun ranar abin nan na shago ba mu haɗa ido ba. Kana zuwa da safe ka durƙusa ka gaishe ni, ina amsawa, amma ni da kai mun san gaisuwar nan ba ta da gishiri. Bari in maimaita abin yadda ya faru, kada ka tafi da naka ni in zauna da nawa.

Ni na kira ka. Ranar kasuwa ce, benci ya cika da 'yan hira, har da Bukar mai banda, abokin wasana da bakinsa ba shi da linzami. So nake in yi taƙama, ba zan ɓoye maka ba. Ɗan mai gyaran rediyo ya gama jami'a, har an kira shi wata ƙasa ya ci gaba. Na ce ka faɗa musu aikinka. Ka ce nan gaba maganar waya ba ta cikin jan ƙarfe za ta riƙa bi ba, ta cikin wani zaren gilashi ne da bai fi gashin kai kauri ba, kuma haske ne zai ɗauke ta. Ka ce aikinka shi ne yadda za a zare saƙon daga cikin hasken in ya isa can ƙarshe. Na kumbura kamar kwaɗon damina.

Sai Bukar ya ce, "To Abba, ciro mana zaren mu gani."

Ka ce ba ka taɓa riƙe shi ba. Ka ce a cikin kwamfuta kake gina komai da lissafi, mai aikawa da zaren da mai karɓa, sa'an nan ka zuba musu hayaniya da gangan, ka ƙirga nawa ne daga cikin saƙon ya iso a karkace.

Bukar ya buga cinya. "Ashe kifin zane ne! Abba, don Allah zana mana tarwaɗa mai ƙiba, yau a gidana a sha romo."

Benci ya kwashe da dariya. Kunya ta hau mini kai, ni kuwa kunyata ba ta san hanyar fita ba sai ta baki. Na ce, "Na ɗauka injiniya na haifa, ashe mai gatanan gatananku ne." Kai ma ba ka bari ta faɗi ƙasa ba. Ka ce, "Baba, ba kowane abu ake ganewa da ƙarfen dalma da littafin da wani ya yar ba." Na ce kada ƙafarka ta sake taka shagona. Ka ce to. Kuma ba ta sake ba.

Ba shari'a na zauna yi ba. Inda za ka akwai malamai da kayan aiki da ban taɓa mafarkinsu ba. Abin da nake da shi wanda ba su da shi, kurakuraina ne. Na sha wuya kafin in tara su, bai kamata in bar ka ka tafi ka sake nemo irinsu da kanka ba.

Ka san Bukar yana kirana Na-Hayaƙi, amma ban tsammanin an taɓa faɗa maka mafarin sunan. Lokacin kana ƙarami, ba ka ma shiga firamare ba. 'Yan kwamitin masallacin unguwarmu suka kawo mini amfilifayar lasifikarsu ta lalace, ga Mauludi ya matso. Na duba zanen, na canza abin da zan canza, na tabbata a raina ta gyaru. To, a ƙa'idar sana'armu, abin da ka gyara ba ka haɗa shi da wuta kai tsaye. Akwai ƙwan fitila da muke ɗaurawa a tsakani, ka san shi, yana nan rataye a gefen tebur. In akwai sauran ɓarna a ciki, ƙwan ne zai haska da ƙarfi ya shanye dukan, kayan mutane su tsira. Ni kuwa a lokacin ina ganin ƙwan nan na matsorata ne. Wani dattijo ma ya ce, "Sale, ba ka gwada ba?" Na ce, "Baba, mai gwaji shi ne mai shakka."

Na ɗauke ta na kai filin Mauludi da la'asar, jama'a sun cika, malam ya gyara zama ya gyara murya. Na soka waya. Ta yi wani tari sau ɗaya, sai hayaƙi ya tashi, baƙi, mai warin ƙonanniyar roba. Yara suka watse suna ihu. Malam ya kalle ni ta saman tabarau ya ce, "Yaro, turaren naka ya isa haka." Ranar nan da muryarsa tsura ya yi karatu, na baya ba su ji komai ba, kuma da ya gama sai da ya yi kwana biyu ba ya iya magana.

Shekara da shekaru ke nan ban haɗa komai da wuta ba sai ta ƙwan nan. Amma duba wautata. Da ka zo mini da ƙwanka, wanda ya fi nawa girma, ban gane shi ba. Mene ne kwamfutar taka in ba wurin da kuskure yake faɗuwa bai ƙone kowa ba? A ce an haƙa rami daga nan har bakin teku an binne zaren gilashi, sa'an nan a gano mai karɓar saƙon kurma ne, wa zai tone? Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kada ka bari wani, ko da ubanka ne, ya sa ka ji kunyar gwaji. Kuma duk ranar da ka ji zuciyarka tana cewa wannan kam ba sai an gwada ba, musamman in mutane na kallo, ka tuna sunan da ake kiran mahaifinka a kasuwar kifi.

Amma kada ka saki jiki, don gwaji ma yana da nasa ramin, kuma shi ma na faɗa.

Wani masunci daga wajen Guri ya kawo mini rediyonsa, wadda yake jin labaran duniya da ita a gajeren zango. Na gyara, wannan karon har na gwada. Amma yaya na gwada? Da sassafe, gari shiru, an ɗauke wuta, babu injin da ke motsi. Na sa mata sabon batir, na haɗa ta da doguwar eriyata da ke kan darbejiya. Ta yi magana garau kamar mai labaran yana zaune a benci. Na ba shi ya tafi. Ranar kasuwa ya dawo ya ce sai shuuu take yi da tatata. Na kunna a gabansa, garau. Na ce ya tafi. Ya sake dawowa. Na ce, "Malam, rediyo lafiyarta lau, kunnenka za ka kai asibiti. Ruwa ya shige shi." Mutumin bai yi fushi ba. Ya ce, "To mai gyara, zo mu je ka ji da naka kunnen mai lafiya."

Don in kunyata shi na bi shi. Muka hau mota, muka sauka, muka shiga kwalekwale muna ratsa kacalla, ciyawar nan da ta fara cinye hanyoyin ruwa tun a lokacin. Bukkarsa tana bakin gonar alkama, ga injin ban-ruwa na fetur yana ta ɓaɓatu a gefenta wuni guda. Batirinsa kuwa irin wanda ake shanyawa a rana ne don ya farfaɗo, eriyarsa guntun waya a saƙale a jinka. Na kunna rediyo. Shuuu. Tatata. Tartsatsin filogin injin nan ne ke shiga cikinta, ita kuma ba ta da ƙarfin da za ta rinjaye shi. Rediyon da na gyara ta shagona ce, ba ta gidansa ba.

Ka ce kai da hannunka kake zuba hayaniya a cikin lissafinka. To nan nake jin tsoro. Wanda aka ba zaɓin abokin kokawarsa, da wuya ya zaɓi ƙato. Ranar da ka gaji, malami yana jira, za ka ji sha'awar zuba hayaniya mai ladabi, wadda ke sallama kafin ta shigo. Za ka so ka ɗauka fitilar da ke aika hasken ba ta rawa, zarenka ba ya jin zafi ba ya jin sanyi. Sakamako zai fito kyakkyawa kamar amarya, kowa ya yaba. Kada ka yarda da shi. Ka zuba masa injin ban-ruwa. Ka ba shi batirin da aka shanya a rana. In ya rayu a haka, to ka samu abu. Kwamfuta abin da ka faɗa mata kaɗai ta sani, ba ta taɓa zuwa Guri ba. Kuma in Allah ya kai ka inda zaren yake, ka roƙi a bar ka ka riƙe shi, ka ji yadda yake karyewa, ka zauna da masu haɗa shi ka ji abin da ke ba su wuya. Bukar shaƙiyyi ne, amma a cikin buhun shaƙiyancinsa akwai ƙwayar gaskiya guda: wata rana dole a kai zanen bakin kogi.

Yanzu maganar littafi. Ka ce wani ne ya yar. A cikin duk abin da aka faɗa ranar, wannan ne ya fi shiga jikina, kuma ba gaskiya ba ne. Ba yar da shi aka yi ba. Bari aka yi mini.

Ni ban wuce aji huɗu ba, ka sani. Karatun Turancina a jikin kwali na koye shi, da takardun da ke zuwa cikin akwatin sabuwar rediyo, da wani ƙamus da ya rasa bangonsa. Wata rana wani malamin kimiyya na makarantar sakandare, Malam Bitrus, mutumin Filato, ya kawo gyara ya tarar ina fama da wata takarda ina motsa leɓe. Ya tsaya yana kallona. Ya ce, "Ka gane abin da kake karantawa?" Na ce, "In ban gane ba kai za ka gane mini?" Ka ji irin gaisuwar da na yi wa mutumin da ya zama malamina. Dariya kawai ya yi. Washegari ya dawo da littafin nan mai shuɗin bango a bayan kekensa.

Daga nan kullum in ya tashi daga makaranta sai ya biyo. Mu zauna a gindin darbejiya, yana zane a ƙasa da tsinke. Shi ya nuna mini yadda murya ke hawa kan igiyar rediyo kamar mutum a kan jaki. Ya ce wani lokaci ana sa igiyar ta yi ƙarfi ta yi rauni, saƙon yana cikin ƙarfin. Wani lokaci a sa ta yi sauri ta yi sanyi, saƙon yana cikin saurin. Duk na gane, har ina gaya wa 'yan benci kamar ni na ƙirƙiro. Ranar Kirsimeti matarsa takan aiko mana da shinkafa da cincin, da Salla innarka ta aika musu da nama. Kai ma ya sha ɗaga ka sama, ba za ka tuna ba. Saura babi ɗaya mu sauke littafin. Ya ce mini, "Sale, wannan na ƙarshen sai ka natsu, don saƙonsa ba a ƙarfi yake ba, ba a sauri ba. Mako mai zuwa za mu shiga."

Ba mu shiga ba. Kafin makon ya zo, yana zaune a shago, ina haɗa wa wani alhaji rediyonsa, sai ya leƙo ya ce a hankali, "Malam Sale, sake duba ƙafafun kondensan nan, kamar ka juya su." Wani ɗan kayan cikin rediyo ne mai ƙafa biyu, kuma da gaske na juya su. Amma alhaji yana tsaye, benci yana kallo. Na ce, "Malamin alli, ka taɓa riƙe ƙarfen dalma a rayuwarka? Ku a allo komai yana aiki." Ya ɗan yi jim, ya yi murmushi, ya kaɗe wandonsa, ya hau keke. Na jira ya dawo, shi kuma ina jin ya jira in je. Girman kai ya riƙe mini ƙafa har aka yi masa canjin wurin aiki. Ranar da za su tashi ya aiko matarsa da littafin ta ba innarka, ta ce a ce mini in ci gaba da karatu.

Na buɗe babin nan ban san iyaka ba. Na bi shi da ƙamus kalma kalma. Kowace kalma na san ma'anarta, amma in na haɗa su sai su zama duhu. To ka san abin da ke cikinsa? Abin da ka tsaya a shagona kana bayani ne. Da ka fara magana na gane shi kamar yadda ake gane muryar wanda aka yi wa laifi. Ɗana ya shiga ɗakin da na kulle wa kaina. Maimakon in ce ja ni mu shiga, sai na ɗauko zagin da na yi wa Malam Bitrus, na kaɗe masa ƙura na ba ka. Malamin alli, mai gatanan gatananku, duk uwarsu ɗaya.

Za ka samu malamai a can. Wani zai gyara ka a gaban mutane, wataƙila ma ba da taushin Malam Bitrus ba. Jininka zai hau, na san shi, nawa ne. Amsa za ta zo maka a baki, mai kaifi, mai daɗin faɗa, irin wadda ake maimaitawa a majalisa. Ka haɗiye ta. Ka fara duba ƙafafun kondensan tukuna. In ya yi daidai ka ce na gode, in bai yi ba ka same shi shi kaɗai. Amsa mai kaifi daɗinta na wuni ɗaya ne, ni kuwa tawa ta ci mini babi guda na tsawon rayuwa. In kuma ta kuɓuce maka, don za ta kuɓuce wata rana, kada ka zauna jiran wanda ka yi wa laifi ya zo. Keke ba ya juyowa da kansa.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban rubuto ba, da sai in bar ka ka tafi in ci gaba da cin kaina. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shekaranjiya ya faru.

Na koma gida da hantsi in ɗauko wani abu da na manta. Na tarar innarka da maƙwabciyarmu Yagana suna surfen gero a turmi ɗaya, suna lugude, wannan ta buga wannan ta ɗaga. Na wuce fuska a murtuke. Sai na ji Yagana ta ƙyalƙyale da dariya ba wanda ya ce komai. Na juyo na ce, "Me aka yi?"

Innarka ba ta daina daka ba. Ta ce, "Karatun Abba muke yi."

Na ce, "Ke ma kin shiga tatsuniyar?"

Ta ce, "Malam, ni da aka yi wa bayani na tsaya na ji har ƙarshe. A nan bakin turmi ya zauna ya faɗa mini. Ya ce, Inna, in kina so ki gaya wa Yagana magana da taɓarya ba tare da kin buɗe baki ba, yaya za ki yi? Na ce sai in buga da ƙarfi. Ya ce in an hana ki ƙara ƙarfi fa? Na ce sai in ƙara sauri. Ya ce shi ma an hana. Sai na yi dariya na ce, ai wannan mun daɗe muna yi."

Na ce, "Kuna yin me?"

Yagana ta ce, "Ke faɗa masa, ni babu ruwana."

Innarka ta ce, "In ka shigo gida da fushi, ni nake fara ganin fuskarka, don ni ke kallon ƙofa. Sai in ɗan jinkirta taɓaryata, kaɗan, ba ta sauka inda ta saba ba. Ƙarfin yana nan, saurin yana nan. Yagana ta ji, ta san Hayaƙi ya dawo, a rufe hira."

Na ce, "Tun yaushe?"

Yagana ta ce, "Tun Abba yana goye, maigida."

Ka ga mutumin da ke taƙama da kunne, wanda ke gane ciwon rediyo daga bakin ƙofa. A tsakar gidana ake watsa labarina shekara da shekaru ban taɓa kama tashar ba.

Na ce su sake in ji. Suka ci gaba. Na kasa kunne ga taɓaryar innarka, ban ji komai ba, bugu ne kamar kowane bugu. Ta ce, "Ba tawa za ka bi ba. Riƙe ta Yagana a kunnenka, ita ba ta canzawa. Da ita za ka auna tawa." Na yi haka. Sai ga shi, Abba. Sarari. Bugu ya zo a makare da ɗan ƙiris, kamar mai ɗingishi, sa'an nan ya koma wurinsa. Na zauna a kan wani turmi da ke kife a gefe ban san na zauna ba.

Ta ƙarasa mini sauran yadda ka faɗa mata. Wai idon da ke can ƙarshen zaren ba ya ganin jinkiri, haske da duhu kaɗai ya sani. Don haka sai a ajiye masa wata fitila a gida, mai bugu ɗaya ba canji, wato Yaganarsa. A gauraya haskenta da wanda ya iso daga tafiya. In sun sauka tare, wuri ya haske. In sun saɓa, su kashe juna. Da haka jinkirin da ba a gani ya zama abin gani. Kuma wai babbar wahalar ita ce fitilar gidan ta tsaya daram, don in ita ce ke rawa, sai a ɗora wa baƙon laifin da bai yi ba, a karanta saƙon da ba a aiko ba.

Wannan na ƙarshen ya daɗe yana juyawa a kaina. Yawancin abin da mutane ke faɗa maka ba da ƙarfin murya suke faɗa ba. Jim ɗin da Malam Bitrus ya yi kafin ya hau keke magana ce, ban ji ba. Shirun innarka magana ne. A ƙasar da za ka, inda ba ka san al'adarsu ba, za ka fi bukatar wannan kunnen. Amma ba ya samuwa sai in akwai abu ɗaya a cikinka da ba ya rawa. Mai fushi fitilar gidansa ce ke kaɗawa. Sai ya ji zagi inda aka yi masa gyara, ya ji raini inda aka yi masa tambaya. Ka riƙe sallarka a kan lokacinta ko da agogonsu ya saɓa da namu, ka ci abinci, ka yi barci, kada ka yanke hukunci a kan kowa da yunwa ko da gajiya. Ban ce ka zama dutse ba. Na ce ka zama Yagana.

Har na miƙe zan tafi, innarka ta ce, "Saura ɗaya, Malam. Na tambaye shi, in ni kaɗai nake daka fa, babu Yagana? Ya ce akwai wannan hanyar ma, kuma ita ya fi aiki a kanta. Mai saurare sai ya auna kowane bugu da wanda ya gabace shi. Ya fi sauƙi, ba sai an ajiye fitila ta biyu ba. Amma ya ce tana da aibi guda. In bugu ɗaya ya kauce, biyu za a ji ba daidai ba, shi da mai bi masa, don da shi aka auna."

Na ce, "Sai ɓarnar ta yi ta tafiya ke nan har ƙarshe?"

Ta ce, "Haka na tambaya. Ya ce a'a. A biyu take tsayawa. In dai na ukun ya sauka a wurinsa, shi ke nan, an koma daidai."

Ta faɗi haka tana kallon cikin turmi, ba ta kalle ni ba. Ka san innarka.

To Abba, ɗa da ubansa yake auna bugunsa, ba shi da wani ma'auni kafin ya yi hankali. Ni na kauce a shago. Kai ka auna da ni, ka kauce. Biyu ke nan. Ba na so ka ɗauki na biyun ka hau mota da shi, ka kai shi wata ƙasa, ka buga wa malaminka, wata rana ka buga wa ɗanka. Lissafinka ya ce a biyu take tsayawa in na uku ya sauka daidai. Ban gwada wannan a ƙwan fitila ba, amma na yarda da aikinka. Na ukun nawa ne, ga shi a hannunka.

Maganar da na yi cewa kada ka sake taka shagona, na janye ta. A gaban mutane na faɗe ta, kuma jiya a gabansu na janye. Bukar ya buɗe baki, na ce in ya ce tak sai na haɗa shi da wuta ba ƙwai a tsakani. Ya ce shi dama tarwaɗa zai yi maka alkawari, ta gaske, mai ƙiba, ka tafi da ita a banda. Ka karɓa, kada ka mayar masa da magana, yana sonka, bakinsa ne irin namu.

Na kwashe rediyoyin da ke kan tebur na share shi, abin da ban yi ba tun da aka ba mu jiha. Na sauko da littafin Malam Bitrus na buɗe shi a babin ƙarshe, na ajiye tsinke a gindin darbejiya. Gobe da hantsi ina shago. Ka zo ka karantar da ni, tun daga farko, da yadda kake gina zaren a cikin kwamfuta, da irin hayaniyar da kake zubawa. Zan yi shiru har ka kai aya. In ka ga leɓena ya fara motsi, ka ɗan jinkirta maganarka kaɗan. Yanzu ina ji.

In kuma zuciyarka ba ta sauko ba tukuna, ba zan riƙe ka da laifi ba. Jibi ni zan ɗauki jakarka zuwa tasha ko ka yi mini magana ko ba ka yi ba, kuma littafin zai zauna a buɗe har ka dawo.

Allah ya kai ka lafiya, ya sauke ka a hannun mutanen kirki. Ya buɗe maka abin da ya rufe mini. Ya sa haskenka ya isa inda aka aike shi bai karkace ba. Ya tsare maka imaninka da lafiyarka da harshenka, ya dawo mana da kai muna raye. Na yafe maka duniya da lahira, kai ma ka yafe wa tsohonka. Allah ya yi maka albarka.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sale mai rediyo, Haɗeja